Darasi na 9: Gishiri a Gona da Iri Mai Aure

Mai noman rani a bakin kogin Galma ya san wannan alama: ƙasa ta bushe, sai wani farin ɓawo ya fito samanta kamar an barbaɗa kanwa. Gishiri ne. Ruwan ban-ruwa ke kawo shi kaɗan-kaɗan, rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. Yawan taki ma na ƙara shi.

Ku tuna yadda albasa ke fitar da ruwa in an zuba mata gishiri. Haka saiwa take. Ga ruwa a ƙasa amma shuka na jin ƙishi, bakin ganye ya ƙone.

A jikin shuka akwai wasu sinadarai masu aiki da ake kira inzayim. Uwargida ta san aikinsu ko ba ta san sunansu ba, don su ne a cikin ɗanyen dankalin Hausa ke sa kunun zaƙi ya tsinke, ya yi zaƙi. To, in gishiri ya matsa wa shuka, guba kan taru a ganyenta. Ɗaya daga cikin gubar ita ce haidurojin feroksaid, irin ruwan da ake wanke ciwo da shi. Wani inzayim mai suna katalas ke fasa shi ya koma ruwa da iska. Kumfar da kuke gani a kan ciwo, aikin katalas ɗin jininku ce.

Iri mai aure kuwa ɗa ne na iri biyu da masana suka haɗa, kamar yadda ake yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, mai fitar da masarar SAMMAZ. Ɗan yakan gaji inzayim daga iyayen biyu. In an dace, nasa su fi saurin tashi, ya fi iyayensa juriya. Amma ba kowane mai aure ke jure gishiri ba, don haka a tambayi malamin gona kafin a ba da kuɗi. Kada kuma a ajiye irinsa don baɗi, ƙarfinsa raguwa yake.

Aiki: ku shuka masara a gwangwani biyu. Ɗaya ku riƙa ba shi ruwan rijiya, ɗayan kuma ruwa kofi guda da kuka narkar da rabin ƙaramin cokalin gishiri a ciki. Bayan kwana 10 ku auna tsawonsu da zare, ku rubuta a littafinku.