Yadda na gyara matsalar lambar NIF ɗina

Takardar haraji ta iso shagona a babbar kasuwar Maradi da lissafin shinkafa, alhali ni atamfa nake sayarwa. Na ɗauka kuskuren kwamfuta ne, har na zargi yaron shagona a banza. Ashe wani dillali da na taɓa ba fotokwafin NIF ɗina (lambar shaidar mai biyan haraji) ne ya fitar da kaya a duwan da lambata.

Kwamisariya na fara zuwa, na shigar da ƙara, na karɓi takardar shaida. Sannan na kai koke a rubuce ofishin haraji, haɗe da katin ɗan ƙasa da rasitocina. Sa hannu ne ya warware maganar: da aka fito da takardar duwan, ba nawa ba ne. Aka soke bashin. Yanzu duk fotokwafin da zan bayar, sai na rubuta kwanan wata da dalilinsa a kai da biro.

Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa ƙanena da ya yi ta kai ni a babur.