Yadda ake haɗa wa tsaka wurin ƙwai

Mu dai a gida kashe tsaka muke, amma a Turai da Amurka kiwon wata mai zanen damisa suke, asalinta can wajen Pakistan da Afganistan. In macen ta ɗau ƙwai, samo roba mai murfi ka huda ƙofa a gefe, ka zuba ɓawon kwakwa da aka niƙa, ka jiƙa shi kaɗan kawai, kar ya yi caɓa-caɓa don ƙwan ruɓewa zai yi. Biyu take sakawa, bayan sati 2 zuwa 4 ta ƙara, shi ya sa garin kalsiyam, sinadarin da jikinta ke haɗa ɓawon ƙwai da shi, dole ne a abincinta.

In za ka ɗauke ƙwan sa alama a samansa da fensir, kar ka juya shi ko kaɗan. Zafin wurin da ka ajiye ƙwan ne ke sa 'ya'yan su fito mata ko maza: digiri 27 a ma'aunin Celsius yawanci mata yake bayarwa, 32 kuma maza, su sun ma fi saurin ƙyanƙyashewa.