Ci da sha a Ingila: abin da sabon zuwa zai karanta kafin ya ɗora tukunya

A watannin da suka wuce na raka wasu 'yan'uwanmu sababbin zuwa sayayya a nan Manchesta, na kuma shiga ɗakunan da suka kama haya. Abin da na gani ya dame ni, domin kurakuran da na tafka shekaru goma sha ɗaya da suka wuce su ne dai ake maimaitawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin mutum ya taso, fargabarsa ita ce ko zai iya cin abincin Turawa, alhali baki yana sabawa da wannan cikin mako biyu ko uku. Abin da ke kayar da mu shi ne a ƙasar nan komai na ci da sha a rubuce yake, tun daga bayan ledar alewa har zuwa takardar hayar ɗakin da za ka yi girki a ciki, mu kuwa mun saba da yarda da baki, sai mu ƙi karantawa, kuma mu ji kunyar tambaya.

Magana tana farawa tun a filin jirgi. Doka ta hana matafiyi shigo da nama ko madara da duk abin da aka yi da su, komai bushewarsa kuma komai kyan ƙunshinsa, don haka kilishin da aka ɗaure maka da ƙauna ba zai wuce hannun jami'an kwastan ba idan suka buɗe jakarka. A watan Afrilu na 2025 an faɗaɗa haramcin madara da naman shanu, tumaki, awaki da alade har ga wanda ya taso daga ƙasashen Tarayyar Turai, saboda cutar da ke kama baki da kofaton dabbobi. An yarda da kifi, busasshe ko kyafaffe, har kilo 20 ga mutum ɗaya, da zuma har kilo 2. Wanda yake shakkar abin da ke jakarsa ya bi jar ƙofa ya bayyana, maimakon ya bi koriya yana addu'a a zuci.

Abincin yau da kullum na mutanen ƙasar ba shi da wuyar ganewa. Da safe yawancinsu gasasshen burodi suke ci da man shanu, ko hatsin kwali da madara mai sanyi, ko kunun hatsin nan da ake kira ot. Da rana ma'aikaci yakan shiga Tesco ko Sainsbury's ya ɗauki sanwic da soyayyen dankali na leda da abin sha a farashi ɗaya mai rangwame, ya ci a gaban kwamfutarsa cikin minti goma. Waken gwangwani a kan burodi, gasasshen dankalin turawa da cuku a cikinsa, da kifi da soyayyen dankali na ranar Juma'a, duk abubuwa ne masu sauƙin kuɗi da suka ciyar da ni a shekarata ta farko, har yau kuma ina son su. Shayi kuwa shi ne gaisuwarsu. Idan abokin aikinka ya tashi ya tambaye ka ko za ka sha, ka karɓa, wata rana kai ma ka tashi ka haɗa wa jama'a, domin a nan ne ake sabo da mutane. A arewacin Ingila kalmar shayi tana nufin abincin dare ma, saboda haka idan maƙwabci ya gayyace ka shayi da ƙarfe shida, kada ka cika cikinka kafin ka tafi. Ruwan famfo ana shansa, ba sai ka ɗora wa kanka sayen na gora ba, farin abin da ke taruwa a gindin butar lantarki a Landan da kudancin ƙasar kuwa ma'adinin ruwan ne, ba datti ba.

Wurin da Musulmi zai buɗe ido shi ne bayan leda. Doka ta tilasta wa masu sarrafa abinci su fito da abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, ƙwai, madara da riɗi, shi ya sa za ka gan su da baƙin rubutu mai kauri. Naman alade ba ya cikin waɗannan 14, giya ma haka, don haka suna nan cikin ƙananan haruffa sai ka bi layi-layi. Kalma biyu ya kamata kowa ya haddace: «gelatine», wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa alade, yana kuma cikin alewa mai taushi da yara ke so da wasu nau'o'in yogot, da «lard», wato kitsen alade, da ake sakawa a wasu kayan fulawa. Na taɓa shiga gidan wani bawan Allah na tarar da babbar ledar alewar Haribo a hannun yaransa, da na juya bayanta na nuna masa abin da aka rubuta sai ya yi shiru na tsawon lokaci. Kamfanin yana da na halal da ake yi a Turkiyya, ana samunsa a shagunan Musulmi, amma wannan ba shi ba ne. Alamar da ke nuna cewa abu ya dace da marasa cin nama tana taimakawa ƙwarai, sai dai ba ta ce komai a kan giya ba, ga shi kuma ana zuba giya a wasu kayan zaƙi na Kirsimeti da cikin ƙullun da wasu shaguna ke soya kifi da shi. Abin shan da aka rubuta wa «cider» giyar tuffa ce, ba lemo ba, na kuwa san wanda ya saya bisa kuskure saboda hoton tuffa da ke jikin kwalbar. Game da nama, hukumomi biyu aka fi sani da ba da shaidar halal, HMC da HFA, sun kuma bambanta a kan sumar da dabba kafin yanka, HMC ba ta yarda da shi ba sam. Kowa ya tambayi malaminsa ya zaɓi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. A Cheetham Hill da Rusholme a Manchesta, ko Alum Rock a Birmingham, ko Rye Lane a unguwar Peckham ta Landan, mahauta Musulmi suna da yawa, 'yan'uwanmu da suka daɗe kuma ba sa ƙyashin raka baƙo, wannan hali ne da nake alfahari da shi a jama'armu.

Duk wannan ana koyonsa da ɗan kuskure kaɗan. Abin da ya ci mini kuɗi ya kuma hana ni barci shi ne kicin.

Ɗakin da na fara kamawa a gidan wata dattijuwa yake, ita a ƙasa ni a sama, muna haɗa kicin. Ta ba ni takarda mai shafi biyu na sa hannu ban karanta ba, domin na ga fuskarta da fara'a, kuma wanda ya haɗa mu ya ce mutuniyar kirki ce. Hakan take, amma a cikin takardar an rubuta cewa ba a girki bayan ƙarfe tara na dare, ba a kuma suya da mai mai yawa. Ni kuwa aikina yana tashi ƙarfe goma. Sai in dawo a gajiye, sanyi ya shiga ƙashina, in rufe ƙofa da taga saboda kada ɗumi ya fita, in ɗora kasko in zuba albasa da attaruhu. A dare na uku ƙararrawar hayaƙi da ke manne a silin ta ɗauki kuka, dattijuwar ta fito da rigar barci tana tari, idanunta suna hawaye saboda yaji. Na ba ta haƙuri, ta haƙura. Bayan haka na ci gaba da wani kuskuren da ban ma san kuskure ba ne: duk man da ya rage a kasko sai in juye shi a wurin wanke-wanke in bi shi da ruwan zafi. Mai yana bin bututu yana daskarewa a can ciki saboda sanyi, har ranar da ruwan wanke-wanke ya ƙi tafiya ya dawo yana wari. Mai gyaran famfo ya kwance bututun ya nuna mana farin kitse mai kauri kamar sabulu, bai ce komai ba, ita ma ba ta ce komai ba. A ƙarshen watan ta ba ni wa'adin tashi, ta kuma riƙe kuɗin ajiyata, wato jinginar da na bayar lokacin kama ɗakin, gaba ɗaya. Ba ƙaramar matsala ba ce a ƙasar: a 2017 an ciro dunƙulen kitse da tarkace mai nauyin kusan tan 130 daga magudanar ruwa a unguwar Whitechapel ta Landan, shi ya sa masu gidaje ba sa wasa da ita.

Da na je neman shawara sai na koyi bambancin da nake so kowane sabon zuwa ya sani kafin ya biya ko kwabo. Wanda yake zaune gida ɗaya da mai gidan, suna haɗa kicin ko banɗaki, doka ba ta ɗauke shi cikakken ɗan haya ba, kuma ba a tilasta wa mai gidan ya kai kuɗin ajiyarsa wurin hukuma ba. Shi kuwa cikakken ɗan haya, dokar 2019 ta ce a yawancin gidaje kuɗin ajiya ba zai wuce kuɗin hayar mako biyar ba, dole kuma mai gida ya saka su cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin tsare-tsare uku da gwamnati ta amince da su, wato Deposit Protection Service, MyDeposits da Tenancy Deposit Scheme, ya ba ka shaida a rubuce. Idan bai yi ba, kotu tana iya sa shi ya biya ka har ninki uku. Idan kuka yi saɓani ranar tashi, tsarin yana da mai raba gardama kyauta, sai dai shi hujja yake dubawa, ba rantsuwa ba.

A gida na biyu ina da wannan kariyar, amma duk da haka na yi asara, domin ranar da na shiga an miƙo mini jerin kayan gidan da bayanin halin da suke ciki, na sa hannu ina sauri. Bangon da ke saman murhu yana da tabon mai tun kafin in zo, cikin tandar kuma baƙi ƙirin. Bayan shekara biyu aka lissafa mini su duka, aka haɗa da fumfunar da ta fito a kusurwar taga, wadda ita kam laifina ce, domin tukunya takan yi awa biyu tana tafasa taga a rufe, tururi yana kwanciya a bango. Ba ni da hoto ko ɗaya da zan nuna. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ce wa matashi ya ɗauki hoton kicin ranar da ya karɓi makulli, ya amsa mini da cewa mai gidan yana da kirki. Kirkinsa ba ya hana shi lissafi. Ka ɗauki hoton murhu, cikin tanda, firji, ƙasan wurin wanke-wanke da kowane tabo a bango, ka tura masa ta imel a ranar, domin kwanan wata ya zama shaida.

Idan gidan haɗaka ne da mutane da yawa, kowa yana da shiryayyensa a firji, abin da ke kan na wani kuwa nasa ne ko da madara ce cokali biyu. Wannan yana yi mana nauyi, domin mun taso a inda ba a rowar abinci, amma a nan ɗauka ba tare da tambaya ba tana ɓata zama, na ga an kai ƙarar ɗan'uwanmu wurin mai gida a kan ƙwai. Ka ba su naka su ɗanɗana, yawancinsu za su yi murna, amma kada ka taɓa nasu. Haka kuma idan kana gudun kaskon da aka soya naman alade a ciki, ka sayi naka da wuƙarka da katakon yankanka, ka ajiye a ɗakinka, ya fi ka tsaya kana yi wa mutane wa'azi a kicin ɗin da kowa yake biyan kuɗinsa.

Dabarar da ta daidaita mini rayuwa ita ce girki sau ɗaya ko biyu a mako da rana, in raba a robobi in saka a firiza, da dare sai ɗumamawa kawai. Wanda zai yi cefane ranar Lahadi ya tuna cewa manyan kantuna a Ingila awa shida kaɗai doka ta ba su a ranar, yawanci suna rufewa ƙarfe huɗu ko biyar. Da yamma ana manna takarda mai ruwan ɗorawa a kan kayan da ranarsu ta kusa, a karya farashi. A nan ma sai an karanta: «use by» yana nufin kada a ci bayan ranar, musamman nama da kifi, sai dai idan an daskarar da su kafin ta wuce, shi kuwa «best before» maganar ɗanɗano ce, biskit ko taliyar da suka wuce ranar ba su zama guba ba. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar shan bitamin D maikrogiram 10 a kullum daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata irinmu kuwa duk shekara, domin ranar ƙasar ba ta isa ba, abinci kaɗai kuma ba ya cikewa.

Idan za ka yi suya, ka kunna na'urar zuƙe hayaƙi da ke saman murhu tun kafin mai ya yi zafi, ka buɗe taga ko da sanyi ake yi, ka rufe ƙofar da ke shiga cikin gida. Kada ka cire batirin ƙararrawar hayaƙi ko ka rufe ta da safa kamar yadda na ga wasu suna yi, domin ran mutanen gidan duka ya rataya a kanta. Ragowar mai kuwa ka bar shi ya huce, ka juye a tsohuwar kwalba mai murfi, ka goge kaskon da takarda kafin ka wanke, idan kwalbar ta cika ka rufe ta ka saka a shara ko ka kai wurin da ƙaramar hukumar unguwarku ta tanada don karɓar tsohon mai.