Yadda za ka koya wa ɗalibai asalin Dirabidawa

Yaran Sakkwato sun san Dirabidawa, wato masu magana da dangin harsunan su Tamil da Telugu, tun ba su ji sunan ba, domin da yawa daga finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa da Tamil ko Telugu aka yi su. Daga nan za ka riƙo hannunsu, malam.

Fara da harshe, don nan hujja ta fi ƙarfi. Rubuta "biyu" a allo: Tamil irandu, Telugu rendu, Kannada eradu, Brahui irat. A ƙasa ka sa "ido": kan, kannu, kannu, khan. Sai ka ajiye do da ankh na Hindi a gefe, ka bar su su tsamo baren da kansu. Kada ka wuce uku a ƙidayar Brahui, daga huɗu zuwa sama aro ne, jadawalin zai wargaje maka. Guji kalmomin addini da sarauta, yawancinsu daga Sanskrit suke, kamar yadda "alƙali" ya zo mana daga Larabci. Francis Ellis ne ya gano dangantakar harsunan kudancin Indiya a 1816, Robert Caldwell kuma ya yaɗa sunan Dirabidawa a 1856.

Sai taswira. Masu waɗannan harsuna sun haura miliyan 200, galibi a kudancin Indiya, amma Brahui na can Balucistan ta Pakistan. Wasu masana na ganin ragowar mazaunan farko ne, wasu sun ce ƙaura suka yi can wajen shekara dubu da ta wuce. Kawo duka biyun.

A kan Harappa da Mohenjo-daro, biranen kogin Indus da suka bunƙasa daga 2600 zuwa 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), nan malamai suka fi zamewa, domin wasu na cewa mazaunansu Dirabidawa ne. Har yau ba a karanta rubutunsu ba: alamomi kusan 400, rubutu ɗaya kuma alama biyar ne a matsakaici. Masani Asko Parpola ya lura cewa kalmar min a Tamil na nufin kifi da tauraro, ya fassara alamar kifi da tauraro. Hasashe ne mai kyau, to ka kira shi hasashe.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne tudun toka na Utnur, Kupgal da Budihal a kudancin Indiya. Tun wajen 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, makiyaya ke killace shanu a wurin, kashin shanu ya taru, a cinna masa wuta, a sake tarawa, har toka ta zama tudu. A Utnur an ga ramukan turakun shinge da sawun kofato. Duk yaron da ya taɓa shiga ruga ya ga yadda taki ke taruwa a garke zai gane wannan nan take, ka bar shi ya yi wa ajin bayani. Masana da dama na danganta makiyayan da Dirabidawan farko na kudu.

Kan ƙwayoyin halitta, ambaci matar da aka tono ƙasusuwanta a Rakhigarhi, ɗaya daga garuruwan zamanin Harappa, aka bayyana sakamakon gwajinta a 2019, ka kuma jaddada cewa mutum ɗaya ce, ƙashi kuwa ba ya faɗin harshen mai shi.

Wani zai kawo maka Kumari Kandam daga intanet, nahiyar da wai ita ce asalin Tamilawa kafin teku ta haɗiye ta. Tatsuniya ce, binciken ƙasan teku ya kore ta. Wanda kuma ya ce Dirabidawa launin fata ne, mayar da shi allo ya sake karanta irandu da irat.