Kurakuran da Sababbin Jami'an Kifi Ke Ta Maimaitawa a Bakin Ruwa

Duk shekara ana tura sababbin jami'ai tafkuna da koguna da madatsun ruwa, kuma duk shekara rahotannin da ke dawowa kurakuransu iri ɗaya ne. Ba rashin karatu ke jawo haka ba. Ana rubuta lamba ne ba a tsaya an tambayi me take nufi ba, daga baya kuma a gina doka a kanta.

Wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne auna lafiyar ruwa da jimillar kifin da aka sauke a gaɓa. Jami'i zai rubuta cewa bara an kama tan 200, bana 210, saboda haka kifi na ƙaruwa. Ina! Jirage nawa suka kamo shi? Da kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa, mai tsawon mita nawa? Cikin dare nawa? A ce bara jirage 100 ne suka fita, bana 160. Ke nan rabon kowane jirgi ya faɗo daga tan 2 zuwa tan 1.3, ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku, alhali rahoto na cewa an samu ci gaba. Ruwan na ƙarewa, takarda na yi masa barka.

Shi kansa jirgin ba ma'auni ba ne da za ka dogara da shi. Masuncin da bara yake zuba kalli biyu, bana yana iya zuba shida, ya sauya zuwa zaren roba siriri da kifi ba ya gani, ya kuma sa inji yana kaiwa inda da bai kaiwa. A takarda dai jirgi ɗaya ne. Ni abin da nake bi shi ne kowane kayan su da nasa lissafin: kalli, kilo nawa a kowace mita ɗari a dare guda, mamari, kilo nawa a ƙugiya ɗari, birgi, kilo nawa a awa guda ta jifa. Ba na haɗa su a layi ɗaya ko da takarda ta yi kaɗan. Sannan wanda ya dawo hannu rabbana, a rubuta masa sifili. Sababbi sukan tsallake shi wai ba abin da za a auna, su tafi wurin mai jirgi cike. Wannan sifilin yana cikin bayanai mafi daraja da za ka samu ranar, kuma idan ka bar shi matsakaicin kamu zai kumbura ya yi maka ƙarya.

Akwai kuma tarkon da ko gogaggu ke faɗawa. Idan ruwa ya janye, kifi kan taru a gurbi mai zurfi, masunta kuma sun san gurbin sarai. Sai ka ga kamu bai ragu ba ko kaɗan, har ranar da zai yanke gaba ɗaya. Don haka kada ka tsaya a kan kilo. Ka auna tsawon kifi ɗaiɗai, aƙalla na nau'o'in da suka fi muhimmanci, wata bayan wata. Alamomin ruwan da aka matsa wa a bayyane suke: matsakaicin tsawo na raguwa, manya irin giwan ruwa da yauni na yin wuyar gani, ƙananan nau'o'i masu saurin hayayyafa na cika kwando, karfasa kuma ta fara ɗaukar ƙwai tun tana 'yar mitsitsiya. Nauyin kamu na iya zama yadda yake alhali abin da ke cikin kwandon ya sauya ɗungurungum. Shi ya sa layin nan da ake rubuta wa "sauran kifi" yake ba ni haushi. Duk labarin ruwan a cikinsa ake binne shi.

Lokacin zuwa mashigi ma abin dubawa ne. Mai kallin dare da asuba yake saukewa. Wanda ya iso ƙarfe goma da takardarsa, abin da 'yan sari suka rage ya gani. Zaɓi ranakun aiki ta hanyar ƙuri'a, kada su zama ranakun da suka fi maka sauƙi, kuma ka tambayi abin da aka ware na cin gida, domin shi ma daga ruwan ya fito. Busasshen kifi ko na banda ba a rubuta nauyinsa a matsayin ɗanye. Ka auna wani kaso kafin a kai banda, ka sake aunawa bayan an sauke, ka fitar da ma'aunin juyawa na wurinka.

To, sai maganar zuba kifi. Jama'a, ku ji tsoron Allah a kan wannan. Da zarar an ce kamu ya ragu, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne a sayo 'ya'yan kifi a zuba, a ɗauki hoto, a rubuta cewa an farfaɗo da ruwa. Ba wanda ya tambayi me ya rage kifin tun farko. Idan raga mai ƙananan ido ce ke kwashe 'ya'ya, waɗanda ka zuba ma ita za ta kwashe. Idan madatsa ce ta hana ambaliya kaiwa fadamar da kifi ke ƙwai, ka zuba miliyan ma ba za su bar baya ba. Idan kuma ruwan cike yake da tsage da giwan ruwa, ka saki 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, abinci ka kai musu da kuɗin hukuma.

Mafi muni shi ne kawo nau'in da ba na ruwan ba. Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka ya isa darasi ga duk mai wannan aiki. A shekarun 1950 aka shigar da giwan ruwa cikinsa. An ɗauki shekaru ba a ga wani abin tashin hankali ba, sai a shekarun 1980 ya yi bunƙasar da ta juya tafkin, aka rasa kimanin nau'o'i 200 daga cikin wajen 500 na ƙananan kifaye dangin karfasa da babu su a ko'ina a duniya sai can. Gurɓacewar ruwa ta taimaka, gaskiya ne, kuma giwan ya kawo ciniki mai yawa, amma ba wanda ya iya mayar da abin da ya ɓata. A lura da tazarar nan ta kusan shekara talatin: wanda ya sa hannu a takardar izini ya daɗe da barin ofis kafin sakamako ya bayyana. Ita ma karfasar Nilu, da ake ganin ba ta da illa, ta danne karfasar asali a tafkin, kuma a kudancin Afirka tana barbara da karfasar Mozambik tana gurɓata irinta. Ga cuta kuma: birus ɗin karfasa da aka fara bayyanawa a 2014 ta hanyar safarar kifi mai rai yake ƙetare iyakoki. Ƙa'idata a nan ba ta da sassauci. Ba a zuba komai sai an gano dalilin raguwa an magance shi; in dole sai an zuba, iyayen su fito daga wannan kogin ko rassansa; kuma a yi wa wani kaso alama, ko da yanke ɗan gefen fiffike ne, don a san ko sun rayu. Zubin da ba a bi sawunsa ba asarar kuɗi ce kawai.

Hana kamun kifi na wani lokaci ma ana yawan kuskure shi. Ana kwafo watanni daga dokar wani yanki a liƙa wa ruwan da yanayinsa daban. Yawancin kifayen koguna masu fadama da tasowar ruwa suke ƙwai, ba da kalanda ba. Sai ka buɗe cikin kifi kowane wata har shekara ta zagayo, ka rubuta matakin da ƙwai ya kai, kafin ka ce ga watan da za a rufe. Daga wannan aikin ne kuma za ka fitar da tsawon da rabin kifin nau'in ke balaga, shi ne tushen dokar idon raga. Dokar da aka yanke masunta ba su zauna a wurin ba kuwa, da dare za a karya ta, kuma ba ka da jami'an da za su kwana a ruwa.

Idon raga: ka faɗi yadda ka auna, daga ƙulli zuwa ƙulli ne ko a miƙe, domin na miƙe ninki biyu ne na ɗayan. Tsawon kifi ma haka, zuwa ƙarshen jela ne, ko zuwa tsagar jela, ko zuwa gindinta. Zaɓi ɗaya ka rubuta shi a saman takarda. Kada ka yi bincike da kalli mai ido iri ɗaya, domin kowane ido girman da ya dace da shi yake riƙewa. Kallin bincike na ƙa'idar Turai tsawonsa mita 30 ne, zurfi mita 1.5, da ido iri 12 daga milimita 5 zuwa 55 ƙulli zuwa ƙulli; inda ake da manyan kifaye sai ka ƙara masu faɗin ido.

Iskar oksijin da aka auna da rana tsaka yaudara ce. Tsirran ruwa sun wuni suna samar da ita, da dare kuma komai na shaƙa, don haka da asuba take kaiwa ƙasa, a lokacin ne kifi ke mutuwa. Auna da asuba, sama da ƙasan ruwa, tare da zafi, domin ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa wajen 7.5. In kifi ya mutu da yawa bayan ruwan sama mai sanyi ko iska mai ƙarfi, kafin ka ce guba aka zuba, duba ko ruwan ƙasa marar oksijin ne ya juyo sama.

Samfurin kifin da za a adana kuma, a sa shi a fomalin, maganin hana ruɓewa, awo ɗaya a ruwa awo tara, a bar shi kamar mako guda, a wanke, a mayar cikin etanol, wato barasar ɗakin gwaji, mai ƙarfin kashi 70. Babban kifi a tsaga masa ciki ta dama don magani ya shiga, a bar hagu lafiya saboda awo da hoto. Naman da za a yi gwajin ƙwayoyin gado da shi a yanke shi tun kafin kifin ya taɓa fomalin, a sa a etanol mai kashi 95, in ba haka ba ya lalace. Takardar shaida a rubuta ta da fensir a jefa cikin kwalbar, da wuri da rana da kayan da aka kama kifin. Ta jikin murfi gogewa take yi.