Yadda Ake Haɗa Hannu Wajen Kula da Mai Ciwon Fibromiyaljiya a Bauchi

Mai fibromiyaljiya takan kai wata uku ko fiye jiki na ciwo ko'ina, ta wayi gari a gajiye kamar ba ta runtsa ba, ga yawan mantuwa. Mata ne ciwon ya fi kamawa, kuma abin tausayi, da yawa sai sun sha maganin maleriya da taifot har sun gaji kafin a gano shi. Ba kumburin gaɓɓai ba ne. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke ninka raɗaɗi. Shi ya sa ƙwaya kaɗai ba ta isa.

A fara da ganin likita, misali a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Babu gwajin jini da ke nuna ciwon. Ana yin gwaji ne don a tabbatar ba ƙarancin jini ba ne, ko matsalar maƙoƙo, ko amosanin gaɓɓai.

Daga nan sai sashen fisiyo, wato masu gashi da koyar da motsa jiki, kuma nan ne babban aikin. A shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, EULAR, ta fitar a 2017, motsa jiki ne kaɗai aka ƙarfafa sosai. A fara da tattaki na minti 5 zuwa 10 bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, sau uku a mako. Kowane mako a ƙara minti ɗaya ko biyu har a kai 30. Inda ake yin ɓarna shi ne ranar da jiki ya yi sauƙi: sai a haɗa wanki da shara da cefanen kasuwar Wunti, washegari a kasa tashi. A raba aiki, a huta kafin ciwo ya taso. Miji da 'yan gida su san wannan ba lalaci ba ne.

Barci ma magani ne. A tsayar da lokacin kwanciya, a bar goro da shayi daga la'asar, a ajiye waya. Likita kan rubuta amitriptyline, miligiram 10 zuwa 25, a sha awa biyu kafin kwanciya. Idan aka makara, sai a tashi da magagi. Maganin yana kuma busar da baki.

A guji sayen tramadol ko pregabalin a kemis ba takardar likita, domin jiki na sabawa da su. Diclofenac bai cika taimakawa ba a wannan ciwo, ga shi yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda.

Idan akwai damuwa ko ƙuncin rai, a ga masanin halayyar ɗan'adam. Yana koyar da yadda za a rage fargabar motsi, wadda ke zaunar da mutum wuri ɗaya.

A riƙe littafi guda da duk masu duba ta za su gani: awannin barci, mintunan tattaki, ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10, da aikin da mai ciwon ta iya yi. Bayan wata uku a koma da shi, a rage ko a sauya abin da bai yi amfani ba.