Gardi, tukunya da goyo: yadda nake raba kaina tsakanin aiki da gida a Maraɗi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin jinya a wata kilinik mai zaman kanta a nan Maraɗi. Gidanmu yana Ali Ɗan Sofo, yara huɗu. Kwanan baya ƙanwata da ta samu aiki bana, ga ta da ciki wata biyar, ta zo ta zauna bakin gadona ta ce, "Yaya, don Allah ke yaya kike yi?" Abin da na gaya mata shi zan rubuta, har da wanda na manta ban faɗa ba a ranar.

Duk wadda kika tambaya za ta ce ki riƙa tashi da wuri. Na yi wannan, shekara uku ina tashi ƙarfe huɗu, in yi tuwo, in yi wanki, in share tsakar gida kafin kiran assalatu. Wata safiya na fito daga gardi, wato aikin kwana a kilinik, barci ya ɗebe ni a bayan ɗan kabu-kabu. Da bai ji na karkace ya taka birki ba, da yanzu wani labarin ake yi. Tun ranar na daina ciko aikin gida daga barcina. Aikin da ya fi ƙarfin yininki, ko dai ki miƙa shi ga wani, ko ki biya a yi miki, ko ki bar shi. Dukansu ukun kuma da baki ake fara su, tun kafin matsala ta zo.

Ki fara da maigida, amma ki zaɓi lokaci. Kada ki ɗauko maganar ranar da kika dawo a gajiye kika tarar ba a yi wa yara wanka ba, domin faɗa za a yi, ba shawara ba. Ni farkon kowane wata nake kwafo takardar gardi in liƙa ta bayan ƙofar ɗaki, in zagaye ranakun kwana da jan biro. Da ya ga abin a rubuce sai ya daina ji kamar ni ce ke ƙirƙiro fita. Muka raba: kai yara lakwal bisa moto nasa ne, sayen buhu nasa ne, daren da nake gardi kuma ba ya zaman hira a waje bayan isha'i. Tukunya ban ce ya taɓa ba, kuma ba zan ce ba. Na san mijina, na san garinmu. Ki nemi abin da zai iya yi ba tare da abokansa sun mai da shi abin ba'a ba, shi ne wanda zai ɗore.

Uwar miji kuwa ki je da ƙafarki, kada ta ji a bakin maƙwabta cewa matar ɗanta na kwana waje. Na je da goro da sabulu, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, aikin nan akwai kwana a cikinsa, sau biyu a sati. Na ce bari in gaya miki da bakina." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, su yaran wa zai gani?" Na ce, "Ai shi ya kawo ni, Inna." Ta yi dariya. Yau duk wanda ya ɗauko zancen aikina a cikin dangi, ita ke rufe masa baki. In kina da abokiyar zama, ku daidaita ranakun girki da ranakun aikinki tsakaninku ku biyu, kada ki aika maigida da saƙon. Wata da muke aiki tare haka suke musanya, kuma takan riƙo wa abokiyar zaman tata ɗan abu in albashi ya fito.

Sai madafa. Litinin da Juma'a ne ranakun kasuwar Maraɗi, ni Juma'a da yamma nake shiga, sau ɗaya a sati. Busasshen kaya nake fi ba ƙarfi: kauɗa, tattasai, kuka, kuɓewa busassa, daddawa, wake tiya biyu. Hatsi ba na surfa shi da kaina. Akwai mata a unguwa da wannan ce sana'arsu, su surfa, a kai inji a niƙo na sati guda. Abin lura ɗaya, ki baza garin ya sha iska ya bushe sarai kafin ki rufe shi a bokiti, in ba haka ba kwana biyu zai yi tsami. Ranar da ba ni da aiki nakan jajjaga tumatir da tattasai da albasa mai yawa, in dafa har ruwan ya ƙone, in soya da mai ya taso sama. Wannan shi ne tushen miyar kwana uku, cokali biyu a tukunya an wuce wurin. Kada ki jibge nama a firigo lokacin bazara kina taƙama da shi. An taɓa ɗauke wuta tun safe ina wurin aiki, na dawo na zubar da naman da na yi wa lissafin sati biyu. Zogalen Jiratawa dafaffe a kwaɗa da ƙuli-ƙuli ba ya cin minti goma, kuma ya fi taliyar da muke ɗura wa yara amfani nesa ba kusa ba. Da safe koko da ƙosai na maƙwabciya muke saye. Akwai wadda ta taɓa yi mini gori a kan haka, wai mace da hannunta. Na ce mata ita ma mai ƙosan aiki take yi, tana ciyar da nata 'ya'yan da kuɗina.

In da hali ki mallaki tukunyar gaz biyu, ko ƙananan nan ne masu kilo 6, domin gaz ba ya ƙarewa sai tuwo na kan wuta. Ki ajiye gawayi kaɗan a gefe. Ruwa kuma da dare ake tara shi, a cika randa da jarkoki kafin a kwanta, kada safiya ta same ki kina leƙen mai ga-ruwa a ƙofar gida alhali takwas ta kusa.

Maganar mai riƙon yara ita ce ta fi ba ni wuya, kuma a nan na fi yin kuskure. Yawancin 'yan matan da ke zuwa aikatau daga ƙauye bayan girbi suke zuwa, da ruwan farko ya sauka kuma sai gida, gona na kira. Saboda haka tun watan biyar ki san wadda za ta maye gurbi, kada ki bari sai ta ɗaure ƙunshinta. Sannan kada ki ɗauki yarinya 'yar shekara goma ki ɗora mata jariri. Ita ma riƙo take buƙata. Na yi haka a haihuwata ta biyu don arha. Ran nan na dawo na tarar da busasshen koko a gefen bakin jariri ɗan wata biyu. Ta ce kuka yake ta yi, ta ga yunwa ce. Na buɗe baki zan yi faɗa sai na tuna ban taɓa zaunar da ita na gaya mata abin da ake ba shi da wanda ba a ba shi ba. Yanzu wata dattijuwa ce a layinmu ke riƙe mini auta. Na saya mata ƙaramar salula, na rubuta lambata da ta babansu da alli a jikin bango, kuma kuɗinta shi nake fara cirewa ranar da albashi ya shigo. Wadda ke riƙe da ɗanki ba a ja mata rai da haƙƙinta.

Ki kuma ji tsoron Allah a kan ɗiyarki ta fari. Tawa tana CM2, ajin ƙarshe na firamare, na mayar da ita uwa ta biyu ba tare da na lura ba: ita ce wanke-wanke, ita ce goyo, ita ce aike. Sai da malamarta ta aiko a kira ni, ta nuna mini kayenta, shafi bayan shafi ba a gama ba, ta ce barci take yi a aji. Kunya ta kama ni, ni da karatu ya ba ni aikin da nake tinƙaho da shi. Daga nan na raba aikin har da mazan. Namiji ɗan shekara takwas yana iya share tsakar gida ya wanke kwanonsa, ba abin da zai ragu a jikinsa.

Wurin aiki kuma ki san haƙƙinki, kada ki riƙa roƙon abin da doka ta riga ta ba ki. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba mace mai ciki hutun sati 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, ana iya ƙara sati uku in likita ya tabbatar da rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ta jawo, kuma ba a korar mace a cikin wannan hutu. Ki lissafa da kyau: sati takwas kwana 56 ne, wato kina gama wankan jego na kwana arba'in saura miki kwana 16 kacal. In za ki je wanka gidanku, ki dawo da wuri ki saba da mai riƙo, jariri ma ya saba da ita. Tun cikin yana ƙarami ki tabbata an yi miki rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ki ga lambarki da idonki, domin wani ɓangare na kuɗin hutun daga can yake fitowa, kuma ba ranar naƙuda ake neman takardu ba. Bayan kin koma, doka ta ba ki awa guda a kowane yinin aiki don shayarwa. Ni na roƙi shugabanmu in haɗe ta wuri ɗaya in sauka da wuri, maimakon in yi ta kai da komo a rana. In an hana ki, akwai ofishin sufeton ƙwadago a garin nan. Sai dai ki fara da magana mai daɗi da takarda a rubuce, ki riƙe kwafi.

Nono zalla har wata shida abu ne mai yiwuwa ko kina aiki, amma sai da shiri. Ki tatsa a kofi mai murfi da aka wanke aka tafasa. A ɗaki mai sanyi yana kai awa huɗu, a zafin watan huɗu kuwa kada ki yarda ya kai haka, ki sa kofin cikin kwanon ruwan randa a ba shi da wuri. A ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, ya fi bibiro sauƙin wankewa.

Akwai abin da ya fi madafa cin lokacin mace a Maraɗi, kuma ba a cika faɗarsa ba: biki, suna, barka, gaisuwar rasuwa, dubiya, ga anko kowane wata. An ce zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma ƙafar guda biyu ce kuma tun safe take tsaye. Ga yadda na tsara wa kaina. Rasuwa ba na fashi, ko daga gardi na fito sai na biya, ko minti goma ne. Suna ina zuwa barka tun kafin ranar, da yamma, lokacin da mai jego ke da sararin ganin fuskata. Biki na dangi na kusa ina zuwa yini ɗaya, ba duka shagulgulan ba. Sauran in aika gudunmuwa in bi da kira. Shekarar farko an yi ta cewa aiki ya sa mini girman kai. Daga baya aka saba, har ana cewa a ba ta uzuri, ma'aikaciya ce.

Ki sa ido a kan watan takwas zuwa na goma. Lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci, lokacin ne kuma naki yaran ke kwanciya, ga komawa lakwal a watan goma da kuɗinta. Gidan sauro kowane dare, ba sai an ji kukansa ba. Masu rabon maganin rigakafi na damina, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sukan zo kina wurin aiki. Su ke ba da na ranar farko, na kwana biyun da ke biye a gida ake ba da shi, don haka ki gaya wa mai riƙo, ki kuma tambaya da kin dawo. Ki taimaki abokan aikinki da canjin gardi tun lokacin da ba ki da buƙata, domin ranar da ɗanki zai yi zafi da tsakar dare su za ki kira.

Kuɗi kuma, shawarata albashinki ya tafi wurin sayen lokaci: surfe, niƙa, ruwa, gaz, mai riƙo. Hatsi da haya da cefane na maigida ne, ki taimaka in ta kama, amma ki sani abin da kika ɗauka wata uku a jere ya zama naki har abada. Ki shiga asusu ko adashe da matan da kika yarda da su. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a 1991 a jihar nan aka haife shi kafin ya bazu ƙasashe, kuma matan ƙauye da ba su da albashi ne suka riƙe shi da ɗan zubin sati. Kwasata ta bara ita ta saya mini tukunyar gaz ta biyu da kuɗin rajistar yara.

Ƙanwar tawa ta riga ta kai takardunta, ta ga lambarta ta CNSS, ta kuma yi magana da mijinta. Saura uwar mijin, wadda ta ce ita kam tana jin nauyinta, in raka ta ranar Lahadi. Na leƙa bayan ƙofa, na ga jan biro a kan Asabar. Na ce mata ta sayi goron ta ajiye, sai bayan la'asar in na tashi barci.